Yadda za ku karanta tarihin Girka da tatsuniyoyinsu tare da yara a gida

Mu dai abin ya faro ne daga takalmi. Ɗana na tsakiya ne ya tambaye ni wai mene ne ma'anar Nike ɗin da ke jikin takalmin yayansa, na ce masa sunan kamfani ne kawai, sai yayan ya ce a'a Baba, shi ya ji an ce sunan allahiyar nasara ce ta mutanen Girka na da. To daga nan fa tambaya ta ɓalle, su waye mutanen Girka, a ina suke, me ya sa nasara ma sai da suka yi mata allahiya, ni kuma wallahi abin da na sani a lokacin bai wuce cikin cokali ba. Yanzu shekara biyu kenan muna wannan karatun da daddare, mun yi kuskure da yawa mun gyara, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake ganin ya fi dacewa a bi.

Abu na farko, kuma ban yarda a tsallake shi ba: kai uba ko ke uwa ku fara karanta labarin ku kaɗai kafin ku zauna da yara. Tatsuniyoyin Girka asalinsu ba don yara aka yi su ba, manya ne ke rera su a gaban manya, kuma akwai ƙazanta da ta'asa a ciki sosai. Ziyus babban allansu manemin mata ne na ƙarshe, akwai uwar da ta kashe 'ya'yanta don ta baƙanta wa miji, akwai wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, akwai wanda ya dafa ɗansa ya ba alloli. Ni na taɓa buɗe wani littafi kai tsaye a gaban yara ina karantawa da ƙarfi, sai ga ni tsundum a tsakiyar wani shafi da ba ya faɗuwa, na hau tari ina juya takarda, babban ya gane sarai abin da ke faruwa. Tun daga ranar na daina. Ku nemi bugun da aka sauƙaƙa don yara, mai hotuna, amma ko shi ma ku leƙa tukuna, don ba kowane mai sauƙaƙawa ba ne ke da kunya irin taku.

Tunda yawancin littattafan da za ku samu da Turanci suke, dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce in karanta labarin da rana ko a waya ko a takarda, in riƙe shi a ka, da daddare in ba da shi da Hausa da bakina, littafin yana buɗe a gefe don hotuna kawai da kuma in na manta suna. Labari in ka ba da shi da bakinka ya fi shiga, kana kallon fuskokinsu kana ganin inda suka fara hamma ka gajarta, inda idonsu ya buɗe ka ja shi. Kuma ai haka su ma Girkawan suka yi ta yi ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta komai. Manyan yaran da suka iya Turanci sai ku ba su shafi ɗaya su karanta, su fassara wa ƙannensu, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Maganar alloli

Na san wannan ce ke tsaya wa iyaye da yawa a rai, ni ma ta tsaya min. Abin da na yi shi ne tun daren farko na faɗa musu dalla-dalla cewa waɗannan mutane ne da suka rayu shekaru dubu biyu zuwa uku da suka wuce, suna bautar gumaka, kuma duk abin da za mu ji game da allolinsu ƙirƙirar mutane ce, muna karantawa ne don mu san yadda suka yi tunani. Yara ba su da wahalar gane wannan kamar yadda muke tsoro, ƙaramar ma cewa ta yi to wane irin alla ne wannan da matarsa ke kama shi da ƙarya. Kuma abin da zai ba ku mamaki, su kansu Girkawan akwai waɗanda suka yi wannan sukar tun a lokacin. Wani masaninsu mai suna Zenofanis, wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zargi mawaƙansu da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, har ya ce da dawakai da shanu suna da hannun zane da sun zana allolinsu da kamar dawakai da shanu. Aflatun ma daga baya cewa ya yi bai kamata a riƙa ba yara irin waɗannan labaran ba. Ku faɗa wa manyan yaranku wannan, yana buɗe musu kai.

Taswira da igiya

Kayan aiki biyu kawai kuke buƙata bayan littafi. Na farko taswira, ku buga ta a takarda ku manna a bango, wadda ta haɗa Girka da gaɓar yammacin Turkiyya da tsibirin Kirit da Masar da kudancin Italiya, don duniyar Girkawan da ta wuce iyakar ƙasar Girka ta yau nesa ba kusa ba. Da zarar yaro ya ga taswirar zai gane abu biyu da kansa: ƙasar duwatsu ce, kusan kashi 80 cikin 100, ga kuma tsibirai birjik a teku. Shi ya sa ba su taɓa zama ƙasa ɗaya mai sarki ɗaya ba a zamanin, kowane birni da gwamnatinsa da sojojinsa da kuɗinsa, Atens daban, Sifarta daban, Korint daban, Tibis daban, kullum cikin faɗa da juna, shi ya sa kuma rabin labaransu a cikin jirgin ruwa suke faruwa. Duk garin da aka ambata a labari, a sa yaro ɗaya ya tashi ya nemo shi ya ɗiga masa biro. Dutsen Olimfos da suka ce alloli na zaune a kai dutse ne na gaske a arewacin ƙasar, tsayinsa ya ɗan haura mita 2,900, mutane na hawansa har gobe.

Na biyu igiya. Matsalar tarihin kafin haihuwar Annabi Isa ita ce shekarun baya-baya ake ƙirga su, 490 ta riga 480, yara kuma wannan yana rikita su ba kaɗan ba, ni kaina sai na tsaya na yi tunani. Ku samu igiya mai tsawon mita 4 ku ɗaure a bango, kowane santimita 20 ya zama shekara 100, ƙarshen dama shi ne haihuwar Annabi Isa, ƙarshen hagu shekara 2000 kafin nan. Duk abin da kuka karanta wanda yake da shekara, a rubuta a 'yar takarda a maƙale a wurinsa. Wasannin Olamfik na farko 776, yaƙin Maraton 490, kashe Sukurat 399, mutuwar Iskandar 323, Rumawa sun rushe Korint 146. Su kuma tatsuniyoyi zalla irin su akwatin Fandora ba sa hawa igiya, a bango can sama muke manna su, yaran suna kiran wurin gajimare. Wannan rabuwar tsakanin abin da ke kan igiya da abin da ke gajimare ita ce ginshiƙin karatun gaba ɗaya a wurina.

Da me za a fara

Kar ku fara da asalin alloli da wane ya haifi wane, nan muka fara mu kuma saura ƙiris karatun ya mutu a sati na farko, sunaye sun yi yawa babu labari. Ku fara da gajerun labaran dabbobi na Isof, wanda aka ce bawa ne da ya rayu wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, su kunkuru da zomo da suka yi tsere, da yaron makiyayi da ya riƙa ihun kyarkeci na ƙarya. Da yawa yara sun san su ma ba su san daga Girka suka fito ba. Daga nan ku shiga gajerun tatsuniyoyi masu farko da ƙarshe a zama ɗaya: sarki Maidas da ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinare har abinci ya gagare shi, Ikaros da ubansa Didalos ya yi masa fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma ya ce kar ya tashi kusa da rana ya ƙi ji, Nasisos da ya mace a kan kyan fuskarsa a ruwa, Furomitiyos da ya sato wuta ya ba 'yan Adam aka ɗaure shi a dutse gaggafa na cin hantarsa kullum tana sake tsirowa.

Bayan nan jarumai. Hirakilis da ayyukansa 12 ya isa sati uku zuwa huɗu, aiki ɗaya kowane zama, zakin Nimiya da makami ba ya huda fatarsa, macijin Lana mai kawuna da yawa da in an sare ɗaya biyu su fito, garken sarki Ogiyas da ya share kashinsa a yini ɗaya ta hanyar karkato koguna biyu su bi ta ciki, wannan kam yara suna dariya har da hawaye. Sai Tesiyos da dodon nan Minoto mai kan bijimi da jikin mutum da ke cikin ginin ruɗani a Kirit, wanda ake kai masa samari 7 da 'yan mata 7 daga Atens, da zaren da Ariyadni ta ba shi don ya gane hanyar fita. Ƙarshen labarin nan ku bi shi a hankali, ya manta bai canja baƙin filafilin jirgi zuwa fari ba kamar yadda suka yi alkawari da ubansa Ijiyos, uban ya hango baƙi ya ɗauka ɗansa ya mutu ya faɗa teku, wai shi ya sa ake kiran tekun Ijiyan. A nuna musu tekun a taswira a lokacin, shiru za ku ji.

Sai bayan yara sun saba da sunayen Ziyus da Hira da Atina da Fosaidon daga cikin labarai, sannan ku koma baya ku ba su asalin gidan: yadda Kuronos ya riƙa haɗiye 'ya'yansa don tsoron kar su ƙwace mulki, matarsa Riya ta naɗe dutse a zani ta ba shi ya haɗiye a maimakon Ziyus, aka ɓoye jaririn a kogo a Kirit, ya girma ya kayar da uban, shi da 'yan uwansa biyu suka raba duniya, shi sama, Fosaidon teku, Hadis lahirarsu ta ƙarƙashin ƙasa. A lokacin ne zanen bishiyar dangi ke da amfani, ku yanka kwali ƙanana, kowane alla da katinsa, yaro ya zana alamarsa, Ziyus tsawa, Fosaidon mashi mai baki uku, Atina mujiya, Hamis takalmi mai fukafukai. A bayan katin a rubuta sunan da Rumawa suka ba shi, don wani littafin zai ce Ziyus wani ya ce Jufita, Aris shi ne Mas, Afrodait ita ce Binus, Hirakilis shi ne Hakulis, in ba ku warware wannan da wuri ba za su ɗauka mutane daban-daban ne. Nan ne kuma za su gane inda sunayen duniyoyin da ake koya musu a makaranta suka samo asali.

Wani abu da zai taso dole: littafi biyu za su ba da labari ɗaya iri biyu. Wani ya ce Fasifoni, 'yar Ziyus da Hadis ya sace ya aura, tana wata 4 a ƙarƙashin ƙasa saboda 'ya'yan rumman da ta ci, wani ya ce wata 6. Kar ku tsaya neman wane ne daidai, babu littafi ɗaya da Girkawa suka ce shi ne hukunci, kowane gari da kowane mawaƙi da yadda yake ba da nasa. Akwatin Fandora ma a asali tulu ne babba, wani masani ne a Turai a ƙarni na 16 ya juya kalmar ta koma akwati ta zauna a haka.

Yaƙin Turoi, inda gajimare ke haɗuwa da igiya

Wannan ne zuciyar karatun, kar ku yi gaggawarsa, mu wata uku muka yi. Labarin yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Turoi ne, yana cikin waƙoƙi biyu dogaye da ake jingina wa mawaƙi Homa, Iliyad da Odisi, kowacce kashi 24, an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Iliyad ba ta ba da labarin yaƙin duka, 'yan makonni ne kawai a shekara ta goma, fushin jarumi Akilis da Agamemnon shugaban rundunar Girkawa, mutuwar Faturokulos aminin Akilis, kashe Hekta ɗan sarkin Turoi, da ubansa tsohon sarki Furiyam da ya je tantin Akilis da daddare yana roƙon gawar ɗansa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa. Dokin katakon da kowa ya sani ba ya cikinta, a Odisi aka ambace shi, maganar dunduniyar Akilis ma marubutan baya ne suka kawo. Don haka ku nemi bugun yara da ya haɗa labarin tun daga tuffar zinare da Faris da sace Helen har faɗuwar birnin, in ba haka ba za su yi ta tambayar ina dokin.

In yaranku ƙanana ne ni shawarata ku fi ba Odisi ƙarfi, Iliyad jini ya yi yawa, Odisi kuwa tafiya ce, kowane tsibiri da abin mamakinsa. Odisiyos ya yi shekara 10 a yaƙi, ya yi wasu 10 yana neman hanyar gida Itaka, ya taso da jirage 12 ya isa shi kaɗai. Ƙaton nan mai ido ɗaya Folifimos da Odisiyos ya ce masa sunana Ba-kowa, da ya tsokane masa ido yana ihu 'yan uwansa suka tambaya wa ya taɓa ka ya ce Ba-kowa, suka koma suka kwanta, wannan wasan kalmar yana fita tsaf da Hausa, sati guda yaran nan duk wanda ya yi ɓarna aka tambaya sai ya ce Ba-kowa ne. Ga matan teku masu waƙar da ke halaka matuƙa, ya toshe kunnen mutanensa da kakin zuma shi kuma ya sa aka ɗaure shi a jikin jirgi don ya ji. Ga matarsa Fenelofi da manema 108 suka cika mata gida, ta ce sai ta gama saƙar likkafanin surukinta, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare har shekara uku.

To a nan ne za su yi tambayar da kuke jira: Baba da gaske an yi? Kar ku ce eh kar ku ce a'a, ku ba su labarin masu haƙa. Wani attajiri Bajamushe Heinrich Schliemann ya yarda birnin na nan, ya je wani tudu mai suna Hisarlik a Turkiyya ya fara haƙa a farkon shekarun 1870, aka tarar ba birni ɗaya ba ne, birane ne wajen tara wani a kan wani. A 1873 ya samo zinare ya ce taskar Furiyam ce, daga baya aka gano ta girmi lokacin da ake zaton an yi yaƙin da kusan shekara dubu, kuma garin gaggawa ya ragargaza wasu daga cikin gine-ginen da yake nema. A 1876 ya haƙa a Maisini ya samo fuskar zinare da har yau ake kira ta Agamemnon alhali ita ma ta girme shi. A 1900 Arthur Evans ɗan Ingila ya fara tono fadar Nosos a Kirit, ɗakuna rututu masu ruɗarwa, ga zanen samari suna tsallake bijimi a bango, sai yara su tuna da Minoto da kansu ba sai kun faɗa ba. A 1952 kuma Michael Ventris ya warware wani tsohon rubutu da aka samu a allunan yumɓu, aka ga ashe tsohon Girkanci ne, kuma abin dariya babu waƙa babu tatsuniya a ciki, lissafin tumaki ne da mai da hatsi, amma sunan Ziyus da Fosaidon na nan. Mu Turoi a tsakiya muka rataye ta, zare ɗaya a gajimare ɗaya a igiya wajen shekara ta 1200.

Tarihi na sosai

Daga nan shiga tarihi ba wuya, don Hirodotus da ake kira uban tarihi shi ma mai ba da labari ne na gaske. Ku fara da sarki Kirisos na Lidiya da ya aika Delfi wurin bokanyar allansu Afolo yana tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rushe babbar daula, ya yi murna ya tafi, ashe tasa ce. Sai yaƙe-yaƙen Farisa: Maraton a 490, inda Hirodotus ya ce mutanen Atens 192 suka mutu Farisawa 6,400, sai Tamofilai a 480 inda sarki Liyonidas da Sifartawa 300 suka tare mashigin dutse, sai yaƙin ruwa na Salamis a shekarar. A nan nake koya musu shakka. Hirodotus ya ce dakarun ƙasa na sarkin Farisa miliyan 1 da dubu 700 ne, sai in tambaye su ruwan sha nawa wannan taron zai sha a yini, wa ya ƙirga, kuma wanda ya rubuta ɗan wane ɓangare ne. Kuma 300 ɗin nan ba su kaɗai suka tsaya ba, akwai mutanen Tesfiya 700 da suka mutu tare da su ba a cika tunawa da su. Labarin mai gudun da ya kawo albishir daga Maraton zuwa Atens ya faɗi ya mutu ma ba ya cikin Hirodotus, shi cewa ya yi an aiki mai gudu Sifarta neman agaji kafin yaƙin, ɗayan labarin ɗaruruwan shekaru daga baya ya ɓullo.

Atens da Sifarta kuwa muhawara muke sa su yi, a raba yara gida biyu. A Sifarta yaro namiji na kai shekara 7 ake ɗauke shi daga gida a kai shi horon soja, a Atens kuma tun wajen 508 suka fara dimokuraɗiyya, kowane ɗan gari namiji ya je taro ya yi magana ya ɗaga hannu. Amma ku faɗa musu gaskiya, mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi ba sa ciki, 'yata da ta ji haka nan take ta sauya sheƙa ta koma Sifarta don an ce matan can suna motsa jiki suna mallakar gona. Akwai kuma wata al'adar Atens da yara ke so, in suna tsoron wani babba ya yi ƙarfi da yawa sai kowa ya karce sunansa a katangar fasasshen tukunya, wanda ya fi samun ƙuri'a a kore shi daga gari shekara 10. An ruwaito cewa wani da bai iya rubutu ba ya miƙa wa Aristaidis katanga bai san shi ba ne ya ce ya rubuta masa Aristaidis, ya tambaye shi me ya yi maka, ya ce babu, na gaji ne da jin ana ce masa mai adalci, shi kuwa ya rubuta ya miƙa masa. Mun gwada wannan zaɓen a gida sau ɗaya da 'yan takardu, ni aka kora.

Ga manyan yara, 'yan sakandare, sai a shiga Sukurat da bai rubuta komai ba sai tambaya, aka yanke masa hukuncin shan guba a 399 bisa zargin ɓata matasa da raina allolin gari, almajirinsa Aflatun, almajirin Aflatun Aristotal, shi kuma ya koyar da Iskandar ɗan sarkin Masidoniya, sarƙa ce mai sauƙin riƙewa. Iskandar ya kafa Iskandariyya a Masar a 331, ya kai har bakin Indiya, ya mutu a Babila yana ɗan shekara 32, kuma an ce duk inda ya je da kwafin Iliyad yake kwana, da ya tsallaka Asiya ma sai da ya ziyarci Turoi. Ƙananan kuwa labarin dokinsa Busefalos ya ishe su, wanda ya gagari kowa har yaron ya lura inuwarsa yake tsoro ya juya fuskarsa wajen rana. In kuna so su ga alaƙar wannan da abin da suka sani, ku gaya musu Yunan da Larabawa ke cewa ita ce Girka, kuma a Bagadaza a ƙarni na 9 bayan haihuwar Annabi Isa irin su Hunain ɗan Ishaƙ suka fassara littattafan likitocin Girka Jalinus da Buƙrat zuwa Larabci. Ku rubuta musu haruffan Girka huɗu na farko, alfa, beta, gama, delta, ku jera su da alif, ba, jim, dal, tushensu ɗaya ne daga rubutun Finikiyawa. Haruffa 24 ne duka, a sati ɗaya yaro zai iya rubuta sunansa da su.

Yadda zaman kansa ke tafiya

Minti 20 ya isa, in ya yi daɗi 30, sau uku ko huɗu a sati, a ajiye waya har da taku. Ku tsaya a inda ya fi daɗi, Odisiyos na cikin kogo ƙato ya rufe ƙofa da dutse sai ku ce sai gobe, za su yi ta magiya kar ku yarda. Kashegari kafin ku ci gaba ɗaya daga cikinsu ya maimaita na jiya, a nan za ku ji abin da suka riƙe da wanda ya wuce su. Kar ku mai da shi jarabawa, tambayar shekara nawa aka yi kaza tana kashe zaman, ku tambayi irin su wa ya fi laifi tsakanin Akilis da Agamemnon, ko da kai ne Hekta za ka fita ko za ka zauna cikin ganuwa. Ƙaramin da bai iya zama ba a ba shi takarda ya yi ta zana dodanni yana ji, kunnensa na nan. Katun da fim sai bayan an gama labarin, sannan a sa su farautar inda aka canja, akwai wani katun da ya mai da Hira uwar Hirakilis mai ƙaunarsa alhali a asali kishiyar uwarsa ce da ta aika macizai biyu su kashe shi yana jariri, yarana sun kama wannan tun minti biyar na farko suna ta ihu.

In kun ga sun gaji ku tsallake, babu wanda zai kama ku. A kashi na biyu na Iliyad akwai jerin jirage da sunayen garuruwa shafi bayan shafi, ku wuce abinku. In sati biyu suka wuce ba a yi ba ku dawo da gajeren labari mai daɗi maimakon ci gaba daga inda aka makale. Kuma ku shirya wa daren da za ku kai inda Odisiyos ya iso gidansa cikin shigar almajiri bayan shekara 20 babu wanda ya gane shi sai tsohon karensa Argos da ke kwance a kan juji, ya kaɗa wutsiya ya sauke kunnuwa bai iya tashi ba, shi kuma maigidan bai isa ya nuna ya san shi ba sai ya kau da kai ya share hawaye ya wuce, karen ya mutu a wurin. Kar ku sa wannan a daren da gobe akwai makaranta da sassafe, mu sai da aka yi kusan awa ɗaya ana rarrashin ƙaramar.